XP, 7, 10 ko 11: wane Windows ya dace da kwamfutarka a Yamai?

Idan mai gyara ya ce sai an fomata kwamfuta, tambayar da ke biyo baya ɗaya ce: "Alhaji, wanne za a sa maka?" Amsar da aka fi ji a shagunan Yamai ita ce, "Sa mini 7, da shi na saba." Dattawan sakatariyar buga takardu kuwa har yau akwai masu kewar XP. Wannan ƙauna tana da dalili, domin duka biyun sun yi wa mutane aiki shekaru ba tare da sun wahalar da su ba. Sai dai sabo shi kaɗai ba ya zaɓar sistem. Ƙarfin na'urar da irin aikin da za ta yi su ke zaɓa, kuma a cikin waɗannan babu mai nauyin tambaya guda: za ta shiga intanet ko ba za ta shiga ba?

Abubuwan da za a auna

Na farko ƙarnin firosesa. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta msinfo32, ka duba layin Processeur. A na Intel, lambar da ke bayan ɗan layi ita ce ƙarnin: i5-3470 na 3 ne, i5-6300U na 6, i5-8350U na 8, i5-1135G7 na 11. Kada "Core i7" da aka manna a jiki ya ruɗe ka, don i7 na ƙarni na 3 bai kai i5 na ƙarni na 8 ba. A wannan shafin za ka ga yawan RAM. Ka sake danna Windows da R ka rubuta tpm.msc don ka san ko akwai TPM 2.0, ɗan guntun tsaron da Windows 11 ke nema. Sannan diski: mai juyawa ne ko SSD, wato diski mai sauri da ba abin da ke juyawa a cikinsa?

Na biyu kariya. Kowane Windows yana da ranar da Microsoft ke daina toshe ramukan da aka gano a cikinsa. Bayan ranar, ana ci gaba da gano ramuka, babu mai toshewa. Antibiris yana kama ɓarawon da ya sani, amma ba ya gyara katangar da ta tsage.

Na uku kuɗi, wanda bai tsaya ga lasisi ba: akwai forfen intanet da sabuntawa ke cinyewa, da RAM ko SSD da za a ƙara. Na huɗu kayan da za a jona, firinta da sikana da manhajojin aiki, ko suna da pilot na wannan sistem, wato ƴar manhajar da ke sa sistem ya gane na'ura. Na biyar yanayinmu: ɗauke wuta, zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ƙurar hunturu. Ga mai rubutun Hausa akwai ƙarin ma'auni, wato ko ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna fitowa daidai.

Windows XP

Ya fito ranar 25 ga Oktoba 2001, kariyarsa ta ƙare ranar 8 ga Afrilu 2014. Abin da ya sa aka so shi rashin nauyi ne: mega 64 na RAM shi ne mafi ƙanƙantar bukatarsa, da mega 512 kuwa yana gudu lafiya a kan Pentium 4. Wanda ya koyi kwamfuta a sibar-kafe na wancan lokacin, a kansa ya koya.

Yau ba ya da wurin zama a intanet. Chrome ya tsaya masa a lamba 49, Firefox a 52, shafuka da yawa suna ƙin buɗewa saboda tsarin ɓoye saƙon da suke amfani da shi ya wuce saninsa. Nau'in 32-bit, wanda shi ne a hannun kusan kowa, ba ya ganin RAM fiye da jiga 3 da ɗoriya. Idan aka yi ƙoƙarin girka shi a kwamfuta mai diskin SATA, sau da yawa shuɗin allo ne ke fitowa da lambar 0x0000007B, saboda faifan girkawa bai san AHCI ba, sabon yanayin da diskin ke aiki da shi. Sai an shiga BIOS, shafin saitin na'ura da ake buɗewa kafin Windows ya tashi, an mayar da diskin tsohon yanayin IDE. Bai iya kula da SSD yadda ya kamata ba. Haruffan Arial da Times New Roman da ya zo da su ba su da ƙugiyoyin Hausa, shi ya sa masu buga littattafan yaƙi da jahilci suka riƙa neman irin su Doulos SIL.

Dalili ɗaya ne ya rage na riƙe shi: tsohuwar na'ura mai tsada, kamar injin yanka sitika ko na surfani ko na'urar awo, wadda pilot ɗinta bai wuce XP ba. A nan a bar shi, a cire masa wayar intanet, a keɓe masa kile guda wanda ba ya yawo.

Windows 7

Vista na 2007 ya yi wa kwamfutocin zamaninsa nauyi, don haka da 7 ya fito ranar 22 ga Oktoba 2009 sai aka karɓe shi hannu biyu. Kuma ya cancanta. Menu ɗinsa a bayyane yake, ba ya sake kunna kansa a tsakiyar aiki, ba ya shan forfe a ɓoye, kuma da jiga 2 zuwa 4 na RAM yana tafiya sumul ko a kan diski mai juyawa. A cikin dukkan jerin, shi ne ya fi jure wa irin Dell OptiPlex da HP masu Core 2 Duo da suka cika ofisoshi da makarantu. Akwai tsarin maɓallan Hausa a cikinsa, haruffansa kuma suna nuna ƙugiya.

Kariyarsa ta ƙare ranar 14 ga Janairu 2020. Chrome ya tsaya masa a 109 tun farkon 2023, Firefox a reshen 115. Office 2016 shi ne na ƙarshe da ke shiga. 2019 zuwa sama sai Windows 10. Wanda ke ganin haɗarin labari ne ya tuna WannaCry na Mayu 2017, wanda ya kulle fayilolin asibitoci a Ingila da kamfanoni a ƙasashe da dama yana neman fansa. Mafi yawan kwamfutocin da ya kama masu Windows 7 ne da ba a sabunta ba, alhali maganin ramin ya fito tun Maris. A wancan lokacin akwai magani, sakaci aka yi. Ramin da aka gano bayan 2020 babu maganinsa ga mai amfani na gida.

Wurin girkawa ma akwai tarnaƙi. Faifan 7 bai zo da pilot na USB 3.0 ko na diskin NVMe ba. A kwamfuta mai ƙarni na 6, ana isa shafin zaɓen harshe sai linzami da maɓallai su mutu, ko ya ce bai ga diski ba. Sai an cusa pilot ɗin cikin faifan tukuna. Daga ƙarni na 7 zuwa sama ba a yi shi don su ba sam. Ko a tsohuwar na'ura, bayan Service Pack 1 sai an sa sabuntawa guda biyu, KB4490628 da KB4474419, in ba haka ba sabbin pilot da wasu antibiris za su ƙi shiga.

Akwai cutar da ta fi damun masu XP da 7 a wuraren buga takardu, inda kile goma ke shiga kwamfuta ɗaya kafin azahar: biris ɗin rakursi, mai ɓoye fayiloli ya bar gajerun hanyoyi na ƙarya. Fayilolin suna nan, ɓoye su ya yi. A buɗe cmd a rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\\*.* (E ɗin a musanya da harafin kile ɗin), a kwashe fayilolin, a share rakursin, a fomata kile. Idan ba a wanke kwamfutar kanta ba, gobe zai dawo.

Windows 8 na 2012 da 8.1 na 2013 ba su sami masoya ba saboda an cire menu ɗin da aka sani, kuma kariyar 8.1 ta ƙare ranar 10 ga Janairu 2023. Ba abin da zai sa a zaɓe su yau.

Windows 10

Ya fito ranar 29 ga Yuli 2015. Da farko an yi masa ƙorafi kan tilasta sabuntawa, amma daga baya ya zama wanda ya fi kowa karɓar kaya: tsohuwar firinta da sabuwa, manhajar lissafin kuɗi, Photoshop, CorelDRAW, AutoCAD. Yawancin pilot shi ke nemo su da kansa. Antibiris ɗin da ke cikinsa, Defender, ya wadatar ga aikin yau da kullum, ba sai an sayi wani ba. Shi ne kuma na ƙarshe mai nau'in 32-bit, wanda ke iya buɗe tsofaffin manhajojin 16-bit.

A takarda jiga 2 na RAM sun isa, a aikace ba haka ba ne. Wanda ya ɗora 10 a kan diski mai juyawa da jiga 4, in ya buɗe Gestionnaire des tâches zai ga Disque a 100% minti da yawa bayan kunnawa, saboda Defender da binciken fayiloli da sabuntawa duk suna rububin diski ɗaya. Mutane sukan zargi sistem ɗin su koma 7. Maganin SSD ne na SATA, inci 2.5, jiga 256, da RAM jiga 8. A duba rubutun da ke jikin tsohuwar RAM kafin saye: PC3L da PC4 ba sa shiga ramin juna, kuma kwamfutocin cinya na ƙarni na 4 da na 5 PC3L mai volt 1.35 suke so. Wannan gyaran ya fi canza sistem tasiri nesa ba kusa ba. SSD ya kuma fi jure girgiza fiye da diski mai allura.

Batun forfe: a shiga Paramètres, Réseau et Internet, a buɗe bayanan Wi-Fi ɗin, a kunna Connexion limitée. Hakan yana hana shi sauke manyan kaya ba izini. Amma a ware rana guda a wata a kashe shi don a sabunta, da ɗaruruwan mega a hannu, wani lokaci fiye da jiga. Mai kwamfutoci da yawa a waya ɗaya ya kunna Optimisation de la distribution a kan na'urorin cikin gida kaɗai, don ɗaya ta sauke ta raba wa saura.

Matsalar 10 wa'adi ne. Kariyarsa ta kyauta ta ƙare ranar 14 ga Oktoba 2025. Microsoft ya buɗe ƙarin shekara ɗaya, shirin ESU, har 13 ga Oktoba 2026, ga mai nau'in 22H2 (a rubuta winver a gani) da asusun Microsoft: dala 30 ta Amurka, ko kyauta ga wanda ya yarda a adana saitunansa a asusun. Wannan jinkiri ne na shirya ƙaura, wanda ya gina shagonsa a kai ya sani.

Windows 11

Ya fito ranar 5 ga Oktoba 2021, kuma shi kaɗai ne cikin huɗun ke da gaba. Sharuɗɗansa: firosesan Intel na ƙarni na 8 zuwa sama ko AMD Ryzen 2000 zuwa sama, TPM 2.0, UEFI mai Secure Boot, RAM jiga 4, diski jiga 64. A aikace jiga 8 da SSD ne mafari. Ga mai sayen ta hannu wannan yana nufin HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 7490 ko ThinkPad T480 masu firosesan ƙarni na 8 sun shiga, amma 840 G3 da Latitude E7470 ba su shiga ba, ko da a ido kusan ɗaya suke. Idan tpm.msc ya ce babu, a leƙa BIOS tukuna: sau da yawa a kashe yake, da sunan PTT a Intel ko fTPM a AMD.

Daga Windows 10 mai lasisin gaske, hawa zuwa 11 kyauta ne. Sabon lasisi daga Microsoft dala 139 ne na Famille, kusan 200 na Professionnel, wato ko na ƙasan ya haura jikka 70. Sai dai yawancin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su na hannu suna ɗauke da lasisinsu a cikin BIOS. In aka girka irin nau'in da suka zo da shi, suna kunna kansu da zarar sun ga intanet. A gwada wannan kafin a yarda wani ya sa manhajar fasa lasisi. Irin waɗannan manhajoji sukan bukaci a kashe Defender kafin su yi aiki, kuma ta nan ake cusa masu satar kalmar sirri. Araha ba ta ado, balle a kwamfutar da ake shiga banki da ita.

Da Rufus, manhajar da ke shirya kile na girka Windows, ana iya tsallake sharuɗɗan a girka 11 a ƙarni na 6 ko na 7, kuma yana tafiya. Abin da ya kamata mai gyara ya gaya wa mai kaya shi ne Microsoft bai yi alkawarin sabuntawa ga irin wannan ba, kuma babban sauyin shekara-shekara ba ya zuwa da kansa, sai an sake yi da hannu, alhali kowane nau'i wata 24 ne wa'adinsa. A kan Core 2 Duo kuwa, daga nau'in 24H2 zuwa sama 11 ba ya ma tashi, saboda firosesan ba shi da umarnin SSE4.2.

Haɗarin da ya fi cin mutane a 11 ba biris ba ne, kulle diski ne. Daga 24H2, sabon girki da aka shiga da asusun Microsoft yakan kulle diskin da BitLocker ba tare da mai shi ya lura ba. Ranar da aka canza babban allon na'urar, ko aka sake saitin BIOS, ko aka ciro diskin don ceto fayiloli, sai ya nemi lambobi 48. Lambobin suna cikin asusun da aka shiga da shi. Idan yaron shago ne ya buɗe asusun da imel ɗin da ba wanda ya tuna, fayilolin sun tafi, babu gwanin da zai dawo da su. Don haka asusun ya zama na mai kwamfutar, a shiga Confidentialité et sécurité, Chiffrement de l'appareil a duba, a rubuta lambobin a takarda a adana tare da takardun gida.

Hanya ta biyar: Linux Mint

Ba Windows ba ne, amma dole a ambace shi, domin shi ne amsar kwamfutar da 11 ya ƙi kuma ake so ta shiga intanet. Kyauta ne, akwai shi da Faransanci, fasalinsa ya yi kama da 7. Mint 22 na 2024 yana da kariya har 2029. Jiga 2 na RAM ne mafi ƙanƙanta, 4 ya fi, nau'in Xfce ya fi sauƙin nauyi. Firefox na zamani da LibreOffice, madadin Office, suna ciki, akwai maɓallan Hausa, biris ɗin rakursi kuma ba ya aiki a kansa. Ana iya gwada shi daga kile ba tare da an taɓa diski ba, a ga ko Wi-Fi da sauti da firinta sun amsa. Rauninsa: Photoshop, CorelDRAW da Office na Microsoft ba sa shiga kai tsaye, takardar Word mai tebura da yawa takan ɗan goce a LibreOffice, kuma Canon LBP2900 da ta cika sakatariyoyi tana da wuyar saitawa. Masu gyaran da suka san shi ma ba su kai na Windows yawa ba.

| Sistem | Fitowa | Ƙarshen kariya | RAM ta aiki | Kuɗi | A intanet |
|---|---|---|---|---|---|
| XP | 2001 | 8 Afrilu 2014 | mega 512 zuwa jiga 1 | ba a sayarwa | kada a shiga |
| 7 | 2009 | 14 Janairu 2020 | jiga 2 zuwa 4 | ba a sayarwa | haɗari babba |
| 10 | 2015 | 14 Oktoba 2025 (ESU: 13 Oktoba 2026) | jiga 8 da SSD | lasisin cikin BIOS, ESU dala 30 ko kyauta | da ESU kaɗai |
| 11 | 2021 | yana ci gaba | jiga 8 da SSD | kyauta daga 10. Sabo dala 139 | lafiya |
| Mint 22 | 2024 | 2029 | jiga 4 | kyauta | lafiya |

Abin da ba sistem ke gyarawa ba

Yawan "Windows ya lalace" da ake kawowa shago, wuta ce ko zafi. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, 10 da 11 sukan shiga zagayen Réparation automatique. Kwamfutar tebur tana bukatar ondilar, ko mai 650 VA ce, wadda za ta ba da ƴan mintunan adanawa da kashewa. Ta cinya mai mataccen batir daidai take da ta tebur. Na'urar da ke mutuwa da kanta da rana a watan Afrilu, ƙura ce ta toshe fanka: a buɗe a hure bayan hunturu, a canza man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi. Wadda kuma ke cewa kowane shafi ba amintacce ba ne, a dubi agogonta: in kwanan wata yana komawa baya duk kunnawa, ɗan batirin CR2032 na allo ne ya ƙare.

Wa zai ɗauki wanne

Ɗan kasuwa mai shiga banki ko tura takardun kwastan ta intanet, da ma'aikacin ofis ko na ƙungiya mai riƙe bayanan mutane: Windows 11 a kan ƙarni na 8 zuwa sama, da lasisin gaske. In na'urar ba ta kai ba, canza ta ya fi sauƙi a kan asarar asusu.

Ɗalibin Jami'ar Abdou Moumouni mai ƙarni na 4 zuwa na 7, wanda aikinsa rubutu ne da bincike: SSD da jiga 8 tukuna, sannan Mint. In karatunsa na bukatar AutoCAD ko wata manhajar Windows, 11 ta hanyar Rufus, da sanin cewa zai riƙa sabunta shi da hannu. Wanda zai sayi ta hannu yanzu kada ya sauka ƙasa da ƙarni na 8, ko da bambancin jikkuna ne masu yawa.

Mai sakatariyar buga takardu ya raba aikin gida biyu. Tsohuwar kwamfutar da ke jone da firinta ta zauna da 10, ko 7 in RAM ɗinta bai wuce jiga 4 ba, ba intanet. Wadda ke karɓar takardu ta imel da WhatsApp da kile na jama'a ta zama 11 ko Mint.

Makaranta mai ɗakin Core 2 Duo don koyar da maɓallai da Word da Excel: 7 ya isa muddin ba a jona ɗakin da intanet ba, ranar da aka jona, a koma Mint Xfce, a kai RAM jiga 4.

Mai injin surfani ko na yanka sitika da ba ya jin kowa sai XP: a bar masa XP ɗinsa, a ɗauki kwafin diskin gaba ɗaya da manhajar Clonezilla a ajiye a wani diski daban tare da faifan pilot ɗin, domin diskin da ya shekara 15 yana juyawa zai iya tsayawa kowace safiya.